Watan Haihuwa da Ƙarfin Jikin Yaro: Darasi Daga Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Tun kafin zuwan takardar shaidar haihuwa, Bahaushe yana da hanyarsa ta ajiye tarihin lokacin da aka haifi yaro, watau ta hanyar laƙabi. Wanda aka haifa ana shuka akan kira shi Shibkau, wanda ya zo ana tsakiyar noma Nomau, na lokacin marka Makau, wanda ya faɗo ruwa na zuba Anaruwa, sa'an nan ga Cigero da Ciwake, 'ya'yan kaka. Waɗannan sunaye shaida ne cewa iyaye da kakanni sun daɗe suna lura da irin yanayin da kowane jariri ya tarar a duniya. Tambayar da masana ilmin halitta suka yi ta bin diddiginta ita ce, shin wannan lokaci yana barin wata alama a jikin yaro, a nauyinsa da tsayinsa, da lokacin da zai zauna ko ya fara tafiya, da kuzarinsa a filin wasa?

Amsar da bincike ya bayar ita ce yana bari. Sai dai sunan wata ko fitowar wani tauraro ba su da hannu a ciki. Abubuwa biyu ne ke aiki: irin abinci da cututtukan da uwa da jariri suka tarar a wasu watanni masu muhimmanci, da kuma ranar da makaranta ko hukumar wasanni ta tsayar don raba yara aji-aji. Wannan maƙala za ta dubi al'amarin ta fuskar ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel da ke arewacin Jihar Jigawa, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Yadda Jiki Ke Koyon Motsi

Jariri kan fara da riƙe wuya, sa'an nan zama, sai rarrafe, sai tsayuwa, sai tatata. Wannan jeri daga kai yake farawa ya gangaro zuwa ƙafafu, domin haka jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka suke nuna. Nunarsu kuwa ta ƙunshi samun wani rufi na kitse da ake kira mayalin, wanda ya yi kama da robar da ke lulluɓe wayar lantarki. Jijiyar da ba ta da wannan rufi saƙo kan bi ta da gudun da bai wuce mita 2 ba a daƙiƙa, amma mai rufi tana iya kai saƙo da gudun mita 100 a daƙiƙa. Gina wannan rufi, da gina tsoka da ƙashi, yana buƙatar furotin da kitse da sinadarin ƙarfe, wanda kuma shi ne jigon jini.

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bin yara 816 masu lafiya a ƙasashen Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka. An samu cewa zama ba tare da tallafi ba yakan zo tsakanin wajen wata 4 zuwa wata 9, rarrafe tsakanin wata 5 zuwa 13 da rabi, tsayuwa shi kaɗai tsakanin wata 7 zuwa 17, tafiya kuwa tsakanin wata 8 zuwa kusan 18. Kimanin kashi 4 cikin 100 na yaran ma ba su yi rarrafe ba sam, kai tsaye suka miƙe. Mai karatu zai lura da faɗin wannan tazara. Yaron da ya yi tafiya a wata 10 da wanda ya yi a wata 15 duk lafiyarsu ƙalau. Abin da ya kamata a kai wa ma'aikacin lafiya shi ne yaron da ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya wuce shekara ɗaya da rabi bai taka ba.

Masana sun haɗa watanni tara na ciki da shekaru biyu na farkon rayuwa suka kira su kwanaki 1,000 na farko. A cikinsu ne ƙwaƙwalwa ke tashi daga kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na girman ta babba a ranar haihuwa, zuwa wajen kashi uku cikin huɗu. Tunda kwanaki 1,000 sun kusa shekara uku, kowane yaro sai ya ratsa damina biyu ko uku a cikinsu. Watan haihuwa shi ke tsayar da matakin girman da kowace damina za ta same shi a kai.

Shekarar Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel ƙasar yashi ce da ke iyaka da Jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Ruwan shekara kan tsaya wajen milimita 600, wata shekarar ma bai kai ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, Agusta kuwa shi ne marka. Gero kan nuna wajen Satumba, dawa da wake da gyaɗa da riɗi su biyo baya a Oktoba da Nuwamba. Daga nan sai hunturu da ƙurarsa, wanda kan zo da tari da ciwon haƙarƙari, sa'an nan bazara, inda zafi kan haura digiri 40 a Afrilu, lokacin da aka fi ganin ƙyanda da sanƙarau.

A gidan ƙaramin manomi, rumbun da aka cika da kaka yakan fara ƙasa tun bazara, kafin Yuli da Agusta kuwa sai awo a kasuwa, daidai lokacin da kwanon gero ya fi tsada a shekara. Wanda ke da akuya ko tunkiya yakan kai ta kasuwar Maigatari, mai ci ranar Alhamis, ya sayar ya auno hatsi. A wannan lokaci ne kuma kududdufai ke cika, sauro ya yawaita, ruwan sha ya gurɓace, zazzaɓin cizon sauro da gudawa su kankama. Ke nan ƙarancin abinci da yawan cuta da yawan aiki duk suna haɗuwa a watanni uku ko huɗu. Makwabta a Nijar sun ga tsananin wannan a 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a Jihar Maraɗi. A Jigawa kuwa, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a Nijeriya baki ɗaya kashi 37 ne.

Mataki na Farko: Watanni Ukun Ƙarshe na Ciki

Ɗan tayi mai wata shida nauyinsa kimanin kilo 1 ne, a ranar haihuwa kuwa wajen kilo 3. Watau kashi biyu cikin uku na nauyinsa a watanni ukun ƙarshe yake samu, kuma a cikinsu ne yake ɗibar mafi yawan sinadarin ƙarfen da zai ci moriyarsa a watannin farko na rayuwa. Idan waɗannan watanni suka faɗa a damina, uwa tana fama da ƙarancin abinci ga daka da ɗibar ruwa, wata ma har da aikin gona. Bugu da ƙari, ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro kan taru a mabiyiya su rage abincin da ke ratsawa zuwa ga ɗa, musamman ga mai cikin fari.

Inda aka fi nazarin wannan al'amari shi ne ƙauyen Keneba da makwabtansa a ƙasar Gambiya, wadda daminarta ta yi kama da ta ƙasar Hausa, kuma an riƙa rubuta haihuwa da mutuwa a can tun wajen 1950. An lura cewa jariran lokacin yunwa kan gaza na lokacin kaka da giram 200 zuwa 300. A 1997 Sana Ceesay da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 28, inda aka riƙa ba masu ciki biskit na gyaɗa da garin shinkafa da sukari kullum, daga tsakiyar ciki har haihuwa. Nauyin jarirai ya ƙaru da giram 201 a lokacin yunwa, da giram 94 a lokacin kaka, haihuwar gawa da mutuwar jarirai a makon farko kuwa suka ragu da kusan rabi. Wannan gwaji hujja ce babba: da watan ne da kansa ke rage nauyin jariri, da gyaɗa ba ta gyara shi ba.

A wannan shekara ta 1997 ne kuma Sophie Moore da Andrew Prentice da abokan aikinsu suka ba da rahoton cewa mutanen waɗannan ƙauyuka da aka haifa tsakanin Yuli da Disamba, bayan sun kai shekara 15, sun fi sauran mutuwa da ƙuruciya fiye da ninki uku, yawanci ta dalilin cututtuka masu yaɗuwa. Amma da aka maimaita irin wannan nazari a Senegal da Bangladesh, aka buga a 2004, ba a sami haka ba. Ɗalibin kimiyya ya riƙe wannan: sakamakon wuri ɗaya ba ya zama ƙa'ida sai an sake ganin sa a wasu wurare.

Mataki na Biyu: Daga Wata Shida Zuwa Shekara

Nonon uwa kaɗai ya ishi jariri har wata 6, ba ya buƙatar ko ruwa, kuma yana kare shi daga gudawa. Daga wata 6 abubuwa uku kan sauya a tare. Ajiyar sinadarin ƙarfen da ya zo da ita ta ƙare, garkuwar da ya gada daga jinin uwa ta yi rauni, sa'an nan ya fara shan kunu, yana rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin zama da rarrafe da tsayuwa. Wani bincike da aka yi a tsibirin Pemba na Zanzibar, aka buga a 2005, ya nuna cewa yaran da ke da ƙarancin jini da waɗanda suka tsumbure sun fi jinkirin fara tafiya. Dalilin a fili yake, domin yaron da ba shi da jini ba shi da kuzarin yunƙuri, motsi kuwa da yawan gwadawa ake iya shi. Da rarrafe yaro kan tashi.

A ɗauki misalin yara biyu a wani ƙauye na Sule Tankarkar. An haifi yaro a tsakiyar Satumba. Watanni ukun ƙarshe na cikinsa sun faɗa a Yuni da Yuli da Agusta, saboda haka yana iya zuwa da ƙarancin nauyi. Amma jegon uwarsa ya yi daidai da kaka, kuma zai fara shan kunu a Maris, da sauran hatsi a rumbu. Damina ta gaba za ta same shi yana wata 9 zuwa 12, yana koyon tsayuwa. Ita kuwa yarinyar da aka haifa a Fabrairu, cikinta ya girma ne a Nuwamba da Disamba da Janairu, lokacin wadata, saboda haka ana sa ran ta zo da nauyinta. Sai dai za ta cika wata 6 a Agusta, ta fara shan kunu a tsakiyar marka, ga sauro ga gudawa ga rumbu ya ƙare. Ashe babu watan da ya kuɓuta. Kowane wata da inda damina ke tare ɗansa, kuma sanin wurin shi ke ba iyaye damar shiryawa tun da wuri.

Abin da Aka Gani a Ƙasashen Sanyi

A birnin Denver na Amurka, Janette Benson ta gano a 1993 cewa jariran da aka haifa a lokacin zafi da kaka sun fara rarrafe kimanin mako uku bayan sauran, saboda lokacin rarrafensu ya faɗa cikin sanyi, ana naɗe su da tufafi masu nauyi, ba a cika ajiye su ƙasa ba. A Ingila kuma, masana na Jami'ar Essex sun auna yara 8,550 masu shekara 10 zuwa 16, suka ba da rahoto a 2014 cewa 'yan Nuwamba da Oktoba sun fi ƙarfi da juriya. Sun yi zaton dalilin shi ne bitamin D da uwa ke samu daga hasken rana a ƙarshen ciki. Wannan zato ne da ya dace da ƙasar da rana ke ɓuya rabin shekara. Gumel kuwa tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana ba ta yankewa. Don haka kuskure ne a ɗauko watan da aka ce ya fi a Turai a liƙa wa yaron Gagarawa.

Tazarar Watanni a Cikin Aji

Hanya ta biyu da watan haihuwa ke tasiri ba ta shafi yanayi ba ko kaɗan. A 1985 Roger Barnsley da abokan aikinsa suka lura cewa a cikin matasan 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara a Kanada, kimanin kashi 40 cikin 100 an haife su ne tsakanin Janairu da Maris, kashi 10 kacal tsakanin Oktoba da Disamba. Dalilin shi ne ranar 1 ga Janairu ce ake raba yara rukuni-rukuni, sai ɗan Janairu ya girme wa ɗan Disamba da kusan shekara guda alhali rukuninsu ɗaya. Masu horarwa kan zaɓi wanda ya fi girma a zaton ya fi baiwa, ya sami ƙarin horo, tazarar ta daɗa faɗi. A Ingila, inda ake rabawa daga 1 ga Satumba, 'yan Satumba zuwa Nuwamba ne suka fi yawa cikin 'yan ƙwallon ƙafa. Idan ranar rabo ta sauya, watan sa'a ma sai ya sauya.

A Nijeriya ana shiga firamare da shekara 6, zangon farko kuwa a Satumba yake farawa. Ga ɗan shekara 6, wata 12 kashi ɗaya ne cikin shida na rayuwarsa, kuma a wannan mataki yaro kan ƙaru da santimita 5 zuwa 6 da wajen kilo 2 a shekara. A makarantun karkara tazarar takan wuce haka, domin akan sami ɗan shekara 5 da ɗan shekara 9 a benci ɗaya. Malamin da ya jera su tsere ko langa, ya yaba wa na gaba, ya kira na baya rago, shekaru ya auna, bai auna baiwa ba. Yaron da aka saba yi wa dariya kuwa yakan janye daga wasa, janyewar ta hana shi ƙwarewar da aka ce ba shi da ita. Haka abin yake ga riƙon fensir da wasan carafke, waɗanda ke buƙatar haɗin kan ido da yatsu. Gyaran mai sauƙi ne: a raba yara wajen wasa bisa ainihin shekarunsu ko girman jikinsu, a kuma gwada kowane yaro da abin da shi kansa ya yi a zangon da ya wuce.

Hattara da Lissafi

Duk mai son nazarin wannan batu a ƙasar Gumel zai gamu da matsalar sanin ranar haihuwa, domin binciken 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na ƙananan yaran Nijeriya aka yi wa rajista. A 2019 wasu masana suka duba bayanan yara kusan miliyan ɗaya daga ƙasashe fiye da 60, suka ga kamar 'yan Disamba sun fi 'yan Janairu tsayi a ko'ina. Da suka bincika sai suka gane kuskuren rubutu ne. Idan an san shekara amma aka cinki wata, wanda aka rubuta wa Janairu an ƙara masa watanni, sai ya zama kamar gajere, wanda aka rubuta wa Disamba kuwa an rage masa, sai ya zama kamar dogo.

Har ila yau, shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka watan azumi kan zagaya dukkan yanayi cikin wajen shekara 33. Sunan Ɗan'azumi ko Tasalla ba ya nuna damina ko rani sai an san shekarar. Nomau da Ciwake kuwa sunayensu na tafiya da yanayi.

Matakan Kariya

Tunda an san lokacin da haɗari ke zuwa, ana iya tarbarsa. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ba yara masu wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata a tsawon damina, bayan gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da kimanin kashi 75 cikin 100. An fara shi a Katsina a 2013, daga baya ya iso Jigawa. Magani ne na kwana uku a kowane zagaye, kuma amfaninsa na raguwa idan aka tsaya a rana ta farko. Mai ciki kuma tana buƙatar zuwa awo, inda ake ba ta ƙwayar ƙarin jini da maganin rigakafin zazzaɓi aƙalla sau uku daga wata na huɗu, ta kuma kwana cikin gidan sauro.

Gagarawa na cikin ƙananan hukumomi biyar na Jigawa da Zamfara, tare da Buji da Kiri Kasamma da Anka da Tsafe, inda daga 2014 aka gwada wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa. An riƙa ba mai ciki naira 3,500 a wata har ɗanta ya cika shekara 2, haɗe da koyar da shayarwa da ciyar da yara. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin 100 bayan shekara huɗu.

A cikin gida kuwa, maigidan da ya ƙidaya watanni ya ga ƙarshen cikin iyalinsa, ko cikar jaririnsa wata 6, zai faɗa a Yuli ko Agusta, yana iya ware gyaɗa da wake da riɗi tun kaka, a busar da zogale a inuwa a ajiye. Kunun gero zalla ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, amma idan aka yi shi da kauri, aka sa garin gyaɗa ko waken suya, aka haɗa da ƙwai ko ɗan hanta in an samu, ya zama abincin gina jiki. Akwai kuma ɗan ma'aunin damtse mai launi uku da ake samu a ɗakunan shan magani: yaro mai wata 6 zuwa 59 da damtsensa ya gaza santimita 11.5 yana buƙatar magani nan take.

Aiki ga Ɗalibai

1. A zana da'ira mai gida 12, a rubuta watanni, a yi wa Yuli zuwa Oktoba launi. A zaɓi kowane watan haihuwa a gano inda watanni ukun ƙarshe na ciki, da wata na 6, da wata na 12 suka faɗa.

2. Da izinin shugaban makaranta, a auna tsallen tsaye da daɗewar tsayuwa a ƙafa ɗaya na yaran aji ɗaya na firamare, ba tare da rubuta sunaye ba. A jera sakamakon bisa shekaru da watanni. Me ya sa ba za a iya yanke hukunci da yara 40 kawai ba?

3. A tattara sunayen gargajiya masu nuna lokacin haihuwa a garin ɗalibi, a ware masu bin yanayi da masu bin watan sama.

Kammalawa

Watan haihuwa alama ce ta abin da ke rumbu da abin da ke kududdufi a lokacin da jikin yaro ya fi buƙata, da kuma matsayinsa cikin 'yan ajinsu. Bambancin da yake kawowa matsakaici ne, ana ganin sa idan an tara ɗaruruwan yara, ba ya faɗin makomar yaro ɗaya. Ɗaliban sakandare na yau su ne yayyen waɗannan jarirai, wasunsu kuma iyaye ne nan da 'yan shekaru. Ɗalibin da ya iya ƙidaya wata tara da wata shida a kan kalanda, ya san watan da ƙaninsa zai fi buƙatar kunun gyaɗa da gidan sauro, darasin ya yi masa amfani tun kafin ranar jarrabawa.